Gina Xfce daga tushe a tsohuwar kwamfuta: ta ina za a fara, kuma me ke rage nauyi da gaske?

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfutar hannu mai RAM gigabait 2, na ɗora mata Debian 12 ba tare da muhallin fuska ba, allon umarni kawai nake gani. An gaya mini cewa idan na gina muhalli mara nauyi da kaina daga tushe, zai fi wanda ake saukewa a shirye sauri. Wanne ya kamata in zaɓa, ta ina zan fara, kuma yaya zan saita shi?

Amsa: Ɗan'uwa, zan fara da gyara abin da aka gaya maka, domin idan ka shiga aikin da wannan zato za ka fita da takaici. Gina manhaja daga tushe ba ya sa ta yi sauri a kan kansa. Masu shirya fakitocin Debian suna harhaɗa muhalli irin Xfce da gcc, manhajar da ke mayar da rubutun tushe ya zama manhaja mai aiki, irin wanda kai ma za ka yi amfani da shi, a matakin ingantawa na -O2, wanda shi ne kai ma ya kamata ka zaɓa, saboda haka abin da zai fito daga hannunka da abin da ke cikin ma'ajiyarsu kusan ɗaya ne ta fuskar gudu. Muhallin fuska yana kashe yawancin lokacinsa ne yana jiran ka motsa linzami ko ka danna maɓalli, ba lissafi mai nauyi yake yi ba da har ƙwarewar harhaɗawa za ta bayyana. Abin da ke sa muhalli ya yi sauƙi shi ne yawan sassan da ka bari a waje da kuma yawan manhajojin da ke tashi a bayan fage duk lokacin da ka shiga. Wannan kuwa ana iya sarrafa shi ko da fakitin da aka sauke a shirye.

Duk da haka ba na hana ka, kuma ina ganin aikin ya cancanci lokacinka saboda dalilai biyu. Na farko, Debian 12 tana ɗauke da Xfce 4.18 ne, wanda ya fito a Disambar 2022, alhali 4.20 ya fito a Disambar 2024, don haka mai son sabon ba tare da ya sauya tsarinsa gaba ɗaya ba sai ya gina. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, wanda ya taɓa gina muhallinsa sashe bayan sashe ba ya sake kallon kwamfutarsa a matsayin akwatin da ba a san cikinsa ba. Ranar da sandar ƙasa ta ƙi fitowa, ko maɓallin kashewa ya dushe, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Game da zaɓi, abubuwa huɗu ne mutane suka fi ambata. LXQt ya samo asali ne daga haɗewar aikin LXDE da Razor-qt a 2013, kuma tun daga 2.0 da ya fito a 2024 yana tsaye a kan Qt 6, laburaren zana tagogi da maɓallai. Muhalli ne mai kyau, amma an rubuta shi da C++, kuma harhaɗa C++ mai dogaro da Qt yana cin RAM da lokaci fiye da yadda kwamfutarka za ta ji daɗi. Openbox manajan tagogi ne kawai, sai ka nemo masa sanda da manajan fayiloli da sauran kayan aiki da kanka, kuma fitowarsa ta 3.6.1 tun 2015 take. Shi kuwa dwm ƙarami ne ƙwarai, ana saita shi ta hanyar gyara fayil ɗin config.h a sake harhaɗawa, yana gamawa cikin daƙiƙoƙi, sai dai ba zai koya maka yadda cikakken muhalli ke haɗuwa ba domin shi ba cikakken muhalli ba ne. Shawarata ita ce Xfce. Olivier Fourdan ne ya fara shi a 1996, an rubuta shi da C a kan GTK, wani laburaren zana tagogin, ya koma GTK 3 gaba ɗaya tun 4.14 a 2019, kuma an rarraba shi zuwa ƙananan sassa masu zaman kansu, wanda hakan ke ba ka damar ɗaukar abin da kake so ka bar saura. A kansa zan gina sauran bayanin.

Ka sauke tushen daga archive.xfce.org, kuma ka lura da lambar: a al'adar Xfce, idan lamba ta biyu tana rabuwa biyu daidai, kamar 4.18 da 4.20, fitowar da aka daidaita ce, idan kuwa mara ce, kamar 4.19 ko 4.21, ta masu gwaji ce. Ka ɗauki 4.20, kuma a kowane sashe ka ɗauki lamba ta uku mafi girma, domin a nan gyare-gyaren kurakurai suke. Ban ba ka shawarar ɗauko tushe kai tsaye daga git a karon farko ba, saboda yana ƙara matakin autogen.sh da kayan aikinsa, kuma abin da ke can yana sauyawa kullum.

Abubuwan da ke ƙarƙashin Xfce kada ka gina su, ka ɗauko daga Debian: build-essential, pkg-config, gettext, xorg, xinit, da fakitocin da sunansu ke ƙarewa da -dev na GTK 3 da GLib da libwnck da libnotify da libgudev. Waɗannan na -dev su ne ke ɗauke da fayilolin da mai harhaɗawa ke karantawa, kuma rashinsu shi ne sanadin mafi yawan kurakuran ranar farko. Xfce 4.20 yana neman GTK 3.24 da GLib 2.72 ko sama, kuma Debian 12 ta cika wannan sharaɗi. Akwai gajeriyar hanya da mutane ke bi, wato umarnin apt-get build-dep xfce4-panel bayan sun buɗe layukan deb-src, amma a wurinka tana da tarko: zai jawo maka fakitocin -dev na Xfce 4.18 su zauna a cikin /usr, daga nan kuma sai ka wayi gari rabin abin da ka gina ya jingina da tsohon laburare, rabi da sabo. Ka ƙara masa -s domin ya nuna maka jerin kawai ba tare da ya ɗora komai ba, sannan ka ɗora waɗanda ba na Xfce ba da hannunka. Ka ƙara da libdisplay-info-dev, wanda jerin 4.18 ba zai nuna maka ba domin sabon sashe ne ke buƙatarsa.

Kafin ka harhaɗa ko da fayil ɗaya, ka yanke shawarar inda za ka ajiye abin da ka gina, domin wannan shawarar ce ke tantance irin wahalar da za ka sha daga baya. Kada ka zuba shi a /usr, wurin manajan fakitoci ne, kuma duk abin da ka sa a can ba da saninsa ba wata rana zai taka shi ko ya rubuta wani a kansa. Wuri na biyu shi ne /usr/local, kuma amfaninsa shi ne yawancin sassan tsarin suna duba can da kansu, illarsa kuma fayilolinka za su gauraye da na duk wata manhaja da ka taɓa ginawa, cire su sai da make uninstall, wanda ba ya aiki sai ka adana foldar da ka yi ginin a ciki. Wuri na uku shi ne folda ta musamman, kamar /opt/xfce-4.20. A nan komai yana wuri ɗaya, idan abin ya lalace ka share foldar ka sake, idan sabuwar fitowa ta zo ka gina ta a gefe ka gwada kafin ka bar tsohuwar. Farashin wannan tsabta shi ne dole ka nuna wa tsarin hanyar zuwa can da kanka. Ni na fi son wannan na uku ga mai koyo, domin nuna hanyar nan shi ne ainihin darasin. Ka ƙirƙiri foldar da sudo, ka mayar da mallakarta ga asusunka da chown, ta yadda ba za ka sake buƙatar sudo a lokacin make install ba, kuma kuskuren hannu ba zai iya taɓa sauran tsarin ba.

Ka rubuta waɗannan layuka a ƙaramin fayil, ka riƙa loda shi da umarnin source duk lokacin da ka buɗe sabon allon umarni domin ci gaba da aikin:

export PREFIX=/opt/xfce-4.20
export PATH=$PREFIX/bin:$PATH
export PKG_CONFIG_PATH=$PREFIX/lib/pkgconfig:$PKG_CONFIG_PATH
export CFLAGS="-O2 -pipe"
export LDFLAGS="-Wl,-rpath,$PREFIX/lib"

Layi na uku ne ƙashin bayan ginin. Kowane laburare da ka ɗora yana ajiye ƙaramin fayil mai ƙarewa da .pc wanda ke bayyana lambarsa da inda yake, kuma pkg-config yana karanta waɗannan fayiloli ne ya ba sashe na gaba amsa. Idan configure ya tsaya yana cewa bai sami libxfce4util-1.0 ba alhali yanzu ka gama ɗora shi, kusan kullum dalilin shi ne ka buɗe sabon allo ka manta loda fayil ɗin. Umarnin pkg-config --variable=prefix libxfce4util-1.0 zai gaya maka wanda yake gani, kuma amsar da kake so ita ce /opt/xfce-4.20. Layi na ƙarshe yana rubuta hanyar laburaren a cikin kowace manhajar da ka gina, don ta same su a lokacin aiki ba tare da ka taɓa saitin ld.so.conf na tsarin gaba ɗaya ba. Game da CFLAGS, kada ka ruɗu da -O3, ribarsa a nan ba ta kai a ambata ba. Haka kuma idan ka yi niyyar yin ginin a wata kwamfuta mai ƙarfi ka kwaso zuwa tsohuwar, ka nisanci -march=native, domin yana sa gcc ya yi amfani da umarnin da furosesar injin ginin kaɗai ta sani, tsohuwar kuma za ta kashe manhajar nan take da ƙorafin umarnin da ba ta gane ba.

Jerin ginin ba a sauya shi, domin kowane sashe yana tsaye ne a kan waɗanda aka gina kafin shi. Ka fara da xfce4-dev-tools, ƙarami ne kuma wani sashe na 4.20 yana nemansa ko da ba daga git ka ɗauko ba. Sai libxfce4util, sai xfconf mai riƙe da saituna, sai libxfce4ui, sai garcon mai karanta jerin manhajoji, sai exo, sai libxfce4windowing, wanda sabo ne a 4.20 kuma sanda da shimfiɗar fuska suna dogara da shi. Bayan waɗannan ne manhajojin da ido ke gani suke zuwa: thunar manajan fayiloli, xfce4-panel, xfce4-settings, xfce4-session, xfwm4 manajan tagogi, xfdesktop, da xfce4-appfinder. A cikin kowace folda matakan uku ne: ./configure --prefix=$PREFIX, sai make, sai make install. Idan ka ci karo da sashen da ya koma tsarin meson, wanda aikin Xfce ke komawa a hankali, matakan su ne meson setup build --prefix=$PREFIX --libdir=lib, sai meson compile -C build, sai meson install -C build. Kada ka bar --libdir=lib ɗin nan, domin a Debian meson yakan zaɓi wata ƙaramar folda a ƙarƙashin lib mai sunan nau'in furosesa, fayilolin .pc su faɗa can inda layinka na uku bai nuna ba.

A matakin configure ne kaɗai ginin hannu ke ba ka abin da fakitin shirye ba ya bayarwa, saboda haka kada ka wuce shi a guje. Kafin ka gudanar da shi ka karanta ./configure --help, bayan ya gama kuma ka karanta taƙaitaccen bayanin da yake bugawa a ƙarshe, inda yake jera abin da ya kunna da abin da ya kashe. Halinsa shi ne, idan bai ga laburaren da wani fasali na zaɓi ke buƙata ba, sai ya kashe fasalin ya ci gaba ba tare da ya tsaya ba. Ta haka mutum ke gina thunar lafiya, sai bayan mako guda ya lura cewa sanarwar cire filashi ba ta fitowa, saboda ba a ga libnotify ba a ranar ginin. Abin da za ka kashe da gangan kuwa, a wurinka Wayland ne kan gaba, wato sabon tsarin nuna tagogi da ke maye gurbin X11: goyon bayansa a 4.20 na gwaji ne, xfwm4 kuma a kan X11 yake aiki, don haka --disable-wayland a sassan da suka karɓe shi zai rage maka abubuwan dogaro. Haka za ka iya kashe introspection da vala, tunda amfaninsu ga masu rubuta manhaja da wasu harsuna ne. Xfwm4 yana karɓar --disable-compositor, amma ban so ka yi amfani da shi, domin ana iya kashe wannan sashe daga saiti a mayar da shi idan an so, alhali wanda ya cire shi a gini sai ya sake gini.

Da RAM gigabait 2, ka tsaya a make -j2. Kowane aikin gcc da ke gudana lokaci ɗaya yana ɗaukar rabonsa na RAM, kuma idan ya ƙare tsarin ya fara juye bayanai zuwa faifai, ginin zai fi na -j1 jinkiri. Sassan Xfce ƙanana ne, ba za su kwana suna harhaɗuwa ba.

Idan make install na ƙarshe ya wuce, mutane da yawa suna ɗauka an gama, alhali a nan gizo ke saƙa. Muhallin fuska tarin manhajoji ne da ke neman juna a lokacin aiki ta hanyoyin da mai harhaɗawa bai san da su ba, kuma babbar hanyar ita ce D-Bus. Duk saitunan Xfce suna hannun wata manhajar bayan fage mai suna xfconfd, kuma ba wanda ke tayar da ita kai tsaye: sashen da ya fara neman saiti yana aika saƙo ta D-Bus, shi kuma D-Bus ya duba fayil ɗin org.xfce.Xfconf.service ya ga abin da zai tayar. Wannan fayil yana cikin /opt/xfce-4.20/share/dbus-1/services, D-Bus kuma yana duba foldojin da ke cikin XDG_DATA_DIRS ne kamar yadda suke a lokacin da shi kansa ya tashi. A tsarin da ke da systemd, mai tayar da manhajojin bayan fage, D-Bus na mai amfani yakan tashi tun lokacin shiga, kafin a karanta .xinitrc, fayil ɗin da startx ke bi wajen buɗe muhallin, don haka duk abin da ka saita daga baya bai gani ba. Sakamakon shi ne baƙin allo da ƙaramar taga mai cewa an kasa tuntuɓar sabar saituna. Na taɓa kwana a kan wannan matsala ina sake harhaɗa xfconf, ina zaton ginin ne ya lalace, alhali ginin lafiyarsa ƙalau, hanyar ce kawai ba a nuna ba, shi ya sa nake dagewa a kanta.

Maganin iri biyu ne. Mafi sauƙi shi ne ka ba zaman naka D-Bus na kansa wanda zai tashi bayan an saita hanyoyi. A cikin ~/.xinitrc ka sa PATH kamar na sama, ka sa XDG_DATA_DIRS ya fara da /opt/xfce-4.20/share sannan /usr/local/share da /usr/share, ka sa XDG_CONFIG_DIRS ya ƙunshi /opt/xfce-4.20/etc/xdg da /etc/xdg, layin ƙarshe kuma ya zama exec dbus-run-session startxfce4. Daga nan startx zai kai ka ciki. Illar wannan hanya ita ce manhajojin da systemd ke tayar wa mai amfani suna kan wani D-Bus dabam, ba sa jin na zamanka. Hanya ta biyu ta fi tsabta ga amfanin yau da kullum: ka yi fayilolin nuni da ln -s daga foldar services ta ginin zuwa ~/.local/share/dbus-1/services, wadda D-Bus ke dubawa kullum. Ka buɗe kowane fayil ka duba, idan akwai layin da ya fara da SystemdService, to systemd ne zai yi tayarwar, kuma sai ka haɗa fayil ɗin da ya dace daga lib/systemd/user na ginin zuwa ~/.config/systemd/user, sannan ka fita ka sake shiga. Ka fara da ta farko domin ka tabbatar ginin yana aiki, ka koma ta biyu idan hankalinka ya kwanta. Idan wani abu ya ƙi, ka tura abin da startx ke bugawa zuwa fayil ka karanta, ka kuma gudanar da ldd a kan xfce4-panel ka ga ko laburaren Xfce da yake ɗauka daga /opt suke.

Sauran ƙananan hanyoyin ba su kai wannan wuya ba. Idan daga baya ka ɗora allon shiga irin LightDM, yana neman fayil ɗin xfce.desktop a /usr/share/xsessions, sai ka kwafa shi can ka gyara layin Exec ya nuna cikakkiyar hanya, ko da yake a kwamfuta irin taka startx ya wadatar kuma ya rage manhaja ɗaya da ke zaune a RAM. Polkit, mai ba da izinin abubuwa kamar sauya hasken allo, yana karanta dokokinsa daga /usr/share/polkit-1/actions, don haka idan ka gina xfce4-power-manager sai ka kwafa fayil ɗinsa na .policy can. Idan gumaka suka fito a matsayin fararen akwatuna, ba a ɗora jigon gumaka ba ne, adwaita-icon-theme da hicolor-icon-theme za su gyara. Kwandon shara da ganin filashi a thunar kuwa aikin gvfs ne, wanda za ka ɗauko daga Debian. Shi kansa yana tayar da 'yan manhajojin bayan fage, don haka ka auna: idan kana yawan sa filashi ka ɗora shi, idan ba haka ba umarnin mount ya ishe ka.

Yanzu ga saiti, inda nauyin ke raguwa da gaske. Xfconfd yana ajiye komai a fayilolin XML cikin ~/.config/xfce4/xfconf/xfce-perchannel-xml, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne gyara su da hannu alhali muhallin yana gudana. Xfconfd yana riƙe da nasa kwafi a RAM, zai rubuta shi a kan gyaranka. Ka yi amfani da xfconf-query. Misali, xfconf-query -c xfwm4 -p /general/use_compositing -s false yana kashe sashen da ke zana inuwa da shara-sharan tagogi, wanda a tsohon katin hoto shi ne abu na farko da zan gwada kashewa, sai dai ka lura ko hoton bidiyo ya fara tsagewa, domin wannan sashe ne ke daidaita shi a wasu injuna. Idan ba ka san sunan wani saiti ba, ka gudanar da xfconf-query -c xfwm4 -m, ka sauya abin daga tagar saituna, zai buga maka sunan yayin da yake sauyawa. Amfanin wannan hanya shi ne za ka iya tara umarnin a fayil ɗaya, ranar da ka sake gini ka mayar da muhallinka yadda yake cikin daƙiƙa.

Sandar ƙasa ta cancanci kulawa ta musamman. Yawancin ƙarin kayan da ake liƙa mata, irin na yanayin sama ko ma'aunin zafin furosesa, kowanne yana gudana ne a matsayin manhaja mai zaman kanta mai suna wrapper-2.0, an yi haka ne don kada faɗuwar ɗaya ta kayar da sandar duka, amma kowanne yana da rabonsa na RAM, wasu kuma suna farkar da furosesa a kai a kai. Sanda ɗaya mai jerin manhajoji da jerin tagogi da agogo da wurin sanarwa ta isa aiki. Ka kuma tuna cewa ƙarin kayan da Debian ta shirya an gina su ne domin nata Xfce ɗin, duk wanda kake so sai ka gina shi da PREFIX ɗinka. Tumbler, mai ƙera ƙananan hotunan da ke nuna abin da ke cikin fayil, da gangan ban sa shi a jerin ginin ba: a folda mai cike da bidiyo yana iya riƙe tsohon faifai na tsawon lokaci. Idan kana son sa, ka gina shi, sannan ka kwafa tumbler.rc zuwa ~/.config/tumbler ka kashe sassan bidiyo da PDF, ka bar na hotuna. Xfdesktop ma ana iya barinsa idan ba ka ajiye gumaka a fuskar allo, ƙaramar manhaja irin feh za ta shimfiɗa hoton bango ta fita.

Sai abin da ke tashi da kansa. Ka duba /etc/xdg/autostart da etc/xdg/autostart na ginin, domin fakitoci da yawa suna ajiye fayil a can ba tare da sun tambaye ka ba. Wanda ba ka so, ka kwafa shi zuwa ~/.config/autostart ka ƙara masa layin Hidden=true, kada ka share na asali domin sabuntawa za ta dawo da shi. Ka kuma kashe ajiye zama a lokacin fita daga saitunan xfce4-session, ka share abin da ke cikin ~/.cache/sessions, in ba haka ba duk manhajar da ka bari a buɗe jiya za ta sake tashi yau.

Duk wannan ka yi shi da awo, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka gudanar da free -m kafin startx, ka sake bayan ka shiga, ka kalli ginshiƙin available, domin na free yana rage abin da tsarin ya ara don ajiyar wucin gadi wanda zai saki da zarar an buƙata. Wajen auna manhaja ɗaya ɗaya, lambar RSS, wadda top ke nunawa a ginshiƙin RES, tana ƙirga laburaren GTK a kan kowace manhaja alhali kwafi ɗaya suke rabawa, saboda haka smem, mai nuna PSS, wato lambar da ke raba wannan kwafi tsakanin manhajojin, ya fi gaskiya. Ka sauya abu ɗaya, ka auna, sannan ka sauya na gaba. Awon zai nuna maka wani abu da ya kamata ka shirya masa: burauza mai shafuka kaɗan a buɗe za ta ci RAM fiye da muhallin gaba ɗaya. A kan wannan, kunna zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon tura su faifai, zai taimake ka fiye da kowane zaɓin configure, kuma fakitin zram-tools yana cikin Debian.

Abu na ƙarshe da ke wuyanka shi ne sabuntawa. Apt bai san da abin da ke /opt ba, don haka gyaran tsaro na thunar ko exo ba zai zo maka da kansa ba, kai ne za ka riƙa duba sababbin lambobi a inda ka sauke tushen. Idan lamba ta uku ce kawai ta sauya, ka sake gina wannan sashe a wuri ɗaya. Idan ka ɗaga Debian zuwa 13, wadda ita kanta ta zo da Xfce 4.20, laburaren da ke ƙarƙashi za su sauya, sai ka sake ginin duka a sabuwar folda ko ka koma fakitin shirye, saitunanka na ~/.config kuma za su bi ka ko ta wace hanya. Domin wannan rana, tun yau ka rubuta jerin sassan da zaɓin configure na kowanne a fayil ɗaya tare da layukan export ɗin nan biyar, ka ajiye kwafinsa a wajen /opt.